Mutum Na Bakwai A Hoton Rijiya

“Ki kawo min kowa, Auta. Ko wane ne, zan karɓe shi da hannu biyu. Ban da shi.”

Wata uku ke nan da Abba ya yanke wannan magana, bai kuma ƙara ko harafi a kanta ba. Auta ta yi kuka, ta yi fushi da abinci har kwana biyu kafin yunwa ta sasanta su, ta kai ƙara wajen Gwaggo, ƙanwar Abban da ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarta. Duk a banza.

Hanin bai ci mata rai kamar rashin dalilin ba. Ita kuwa tun tana ƙarama an san ta da bin diddigi, ko allura ce ta ɓace a gidan sai ta san ramin da ta faɗa.

Da a ce Abba ba ya son mutumin ne, da da sauƙi. Amma Abba shi ne shugaban ƙungiyarsu ta masu aikin sa-kai, shi ya kafa ta shekara ashirin da biyar da suka wuce, kuma babu taron da zai tashi bai yabi Mai Famfo ba. Haka kowa yake kiransa, don shi yake bin unguwanni ranar hutunsa yana tayar da duk famfon tuƙa-tuƙan da ya mutu.

“Ku yi koyi da yaron nan,” in ji Abba a gaban kowa.

To, yaron da ya isa a yi koyi da shi, me ya hana shi isa zama suruki? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Yau ce ranar taron da ƙungiyar take yi duk shekara idan sanyi ya janye, itatuwa suka fara toho. Bana a wata makarantar firamare aka sauka. Da safe aiki ne: masu fenti suna azuzuwa, masu ba da jini suna layi a baranda, wasu suna dashen itatuwa a bakin katanga. Da la'asar kuma sai a kafa rumfuna a ci a sha, a raba kyaututtuka.

Auta gwajin ido ne aikinta, an ware mata aji guda ita da akwatunan tabarau. Amma kafin tsofaffi su fara zuwa, Abba ya sa ta jera tsofaffin hotunan ƙungiya a kan allo, saboda cikar shekara ashirin da biyar.

Tana cikin zazzage kwalin ne wani hoto ya faɗo daga cikin tsohuwar ambulan. A bayansa da rubutun Abba: Rijiyarmu ta farko. Sai sunaye shida.

Ta juya gabansa. Maza shida a bakin rijiya, ga Abba a tsakiya, siriri, gashi cike da kai, yana dariya irin wadda ba ta taɓa gani a fuskarsa ba. Sai ta lura gefen hoton a naɗe yake zuwa baya. A daidai naɗin kuma ga wani hannu riƙe da igiya, hannun da ba na ɗaya daga cikin shidan ba.

Ta sa farce a hankali ta buɗe.

Ta ƙura wa fuskar ido.

Mai Famfo ne. Goshinsa ne, wushiryarsa ce, har yadda yake karkatar da kai idan ana magana. Sai dai ba zai yiwu a ce shi ne ba, don lokacin da aka ɗauke shi Mai Famfo bai wuce shekara shida ba.

Ta cusa hoton a aljihun farar rigar aikinta ta nufi bayan azuzuwa, inda Gwaggo take kan masu girki kamar kwamandan yaƙi.

“Gwaggo, wane ne wannan?”

Gwaggo ta karɓa tana mita. “Ke ba kya ganin hannuna da mai ne? Mu gani.” Ta kalla sau ɗaya. Ludayin da ke ɗaya hannunta ya sulluɓe cikin tukunya.

“Ina kika samo wannan?”

“A kwalin Abba. Wa ya naɗe shi?”

“Mayar da shi inda kika ɗauko.”

“Gwaggo, kin san shi ke nan.”

“Na ce ki mayar! Auta, wannan shegen tambayar taki wata rana sai ta kai ki inda ba kya so. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.”

“To ni ba rimi zan hau ba, Gwaggo, ke nake tambaya.”

Gwaggo ta juya mata baya, ta hau masu girki da faɗan gishirin da babu wanda ya taɓa. Amma Auta ta ga ta ɗaga gefen mayafi ta goge ido, kuma iskar ba ta wajenta take kaɗa hayaƙin ba.

Ta koma ajinta. Tsofaffi sun cika benci. Ta yi ta gwaji, wannan harafin fa, wancan fa, hannunta yana aiki, hankalinta yana aljihu. Sai can wajen mutum na ashirin Allah ya kawo mata Baba Direba, wanda ya ja motar ƙungiya tun ranar farko har gwiwa ta ajiye shi.

“'Yar Shugaba, ki taimake ni. Jiya na gaida turken lantarki, har ina fushi bai amsa ba.”

Ta yi dariya, ta gwada masa gilashi uku, na huɗu ya zauna.

“Kai! Ashe haka kika yi kyau? Ashe duniya tana nan?”

“Saura gwaji ɗaya, Baba.” Ta waiga, ta zaro hoton ta buɗe naɗin. “Faɗa min mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, in ga ko gilashin ya yi.”

Ya fara da murna. Ga wane, Allah ya jiƙansa. Ga wane, yana nan ya yi tumbi. Ga ni nan da hular da aka sace min. Da yatsansa ya kai kan na bakwai sai ya tsaya.

“Allah sarki. Mai Igiya.”

“Wane ne shi, Baba?”

“Mahaƙin rijiya ne. Ba ɗan ƙungiya ba ne, ɗauko shi aka yi, amma da ya ji aikin taimako ne ya ce shi ma a sa shi cikin ladan. Ba a yi mutum mai sanin ƙasa kamarsa ba. Ya ɗebi ƙasa ya sansana, ya ce maka ruwa yana gaba kaza.”

“Yana ina yanzu?”

“A cikin rijiyar nan ya rasu, 'yata. Kwana uku bayan wannan hoto. Sai da aka kwana biyu ana tono kafin a same shi.”

“Me ya mayar da shi ciki, shi da ya san ƙasa?”

Baba Direba ya cire sabon gilashin ya fara goge shi da bakin riga, gilashin da ko ƙura bai gani ba.

“Wannan kuma ba a bakina za ki ji ba. Mu shida muka yi alkawari, uku sun tafi da nasu.”

“A bakina za ta ji.”

Tun kafin ta waiga turaren ya gaya mata ko wane ne. Barista ne, sakataren ƙungiya, cikin farar shadda mai ƙyalli. Tun safe ake fenti a makarantar nan, ko ɗigo bai same shi ba. Shekara biyu yana bin ta, shekara biyu tana ba shi haƙuri.

Ya jira Baba Direba ya fita yana jan ƙafa, sannan ya zauna a kujerar gwaji ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

“Littafin taron shekarar yana hannuna, an yage shafi biyu. Amma babana yana cikin shidan nan, kuma ya gaya min kafin ya rasu. Ranar da ruwa ya fito, Abbanki ya ce shi zai fara taɓa shi. Mahaƙin ya ce a bari sai an ɗaure bangon, ƙasar ba ta kama ba. Abbanki bai ji ba, ya sauka. Bango ya zubo masa. Mutumin ya bi shi, ya kwance igiyarsa ya ɗaura masa, aka jawo Abbanki. Kafin a mayar da igiyar, sauran ƙasar ta rufta.”

Auta ta dafa tebur.

“Aka ce wa duniya hatsarin aiki ne. Ya bar mace da ɗa ɗaya. Sai ki tambayi kanki, ranki ya daɗe, duk ƙungiyoyin garin nan me ya kawo ɗan cikin tamu? Duk 'yan matan garin nan me ya kai shi kan 'yar Shugaba? Ni dai lauya ne, na ga yadda ramuwa take sa kayan ado.”

“Ka gama?”

“Don ina son ki na faɗa.”

“Na gode. Tashi, kujerar ta masu ciwon ido ce.”

Ta faɗa da ƙarfin hali, amma da ya fita sai ta ji maganarsa ta zauna mata a ƙirji kamar dutse. Ta gama da sauran tsofaffin da kyar, ta rufe akwatuna, ta bi bayan makaranta.

Tun daga nesa ta ji ihun murna. Famfon da ya shekara uku a mace ya kawo ruwa, malamai suna ta tara hannu. Mai Famfo yana gefe a tsugune yana tattara sifanu, rigarsa jiƙe da laka har kafaɗa. Da ya gan ta ya miƙe, sai kuma ya ja da baya taku ɗaya, don tun ranar da Abba ya yi magana bai ƙara tsayawa da ita ba.

Ba ta yi sallama ba. Ta miƙa masa hoton.

Ya goge hannu a wando sau biyu kafin ya karɓa. Ya daɗe yana kallo.

“Ban taɓa ganin hotonsa ba,” ya ce a hankali. “Inna takan ce in ina son ganinsa in duba madubi. Ashe ba lallashi ba ne.”

“Ka sani ke nan.”

“Na sani.”

“Har yadda aka yi ya mutu?”

“Tun ina shekara sha biyar. Ɗaya daga cikin masu jan igiyar ya je ya gaya wa Inna, ya ce ba zai iya mutuwa da ita a ciki ba.”

Hawayen da take riƙewa tun safe suka ɓalle.

“To gaya min gaskiya, don girman Allah. Me ya kawo ka cikinmu? Me ya kawo ka wajena? Ramuwa ce? So kake ka sa ni in so ka, sannan ka sake ni a rami kamar yadda aka saki babanka?”

“Subhanallahi. Wa ya sa miki wannan a rai?”

“Ka amsa min!”

Ya ajiye sifanar da ke hannunsa.

“Ba zan yi miki ƙarya ba, da baƙin ciki na zo. Na ce sai na ga mutumin da aka ba da babana aka karɓo. In ga ko ya kai. Na zaci zan tarar da mai babbar riga yana nuna aiki da sanda. Sai na tarar da dattijo yana ɗaukar bulo a ka, yana wanke wa marasa lafiya miki da hannunsa. Na bi rijiyoyin da ya haƙa bayan waccan ɗaya bayan ɗaya, arba'in da ɗaya, kuma kowacce sai an ɗaure bangonta kafin ya bar wani ya leƙa. Na koma na ce wa Inna, Baba bai yi asara ba.”

“Ni fa?”

Ya ɗan yi murmushi, idonsa jajir.

“Ke ba kya cikin lissafin. Tsatsa ce ta faɗa min a ido na zo kika cire. Kika ce idona lafiya lau. Ban dawo sau uku ba? Kin taɓa ganin mai lafiyar ido yana naci irin wannan?”

Dariya ta kufce mata a tsakiyar kuka.

“To me ya hana ka faɗa wa Abba? Wata uku muna wahala!”

“Inna ta ce kada in tona wa dattijo asiri. Ni kuma ba na son a ba ni ke don an ji kunyata. Ke ba diyya ba ce, Auta.”

Ta share fuska da hannun riga. “Taho.”

“Ina?”

“Wajen Abba. Ni na gaji da gidan da kowa ya san abu ban da ni.”

Abba yana ofishin hedimasta shi kaɗai, gilashi a karan hanci, yana gyara jawabinsa. A waje an fara gwada lasifika. Ya ɗago ya gan su tare, fuskarsa ta ɗaure. Kafin ya yi magana Auta ta durƙusa ta ajiye hoton a kan takardarsa, a buɗe.

Biron ya faɗi daga hannunsa.

“Wa ya ba ki izinin...” Ya dubi hoton, ya dubi wanda ke tsaye a bakin ƙofa, sai kafaɗunsa suka zube.

“Tun ranar da ka shigo ka ce a rubuta sunanka na gane ka,” ya ce da Mai Famfo. “Na je gida na kasa cin abinci. Shekara huɗu ina kallon fuskar nan, ina yaba ka a gaban mutane, ban taɓa iya haɗa ido da kai ba. Ka lura?”

“Na lura, Baba.”

“Auta, kin ce ban ba ki dalili ba. Ta yaya zan ba ki? In ce miki ubanki ne ya mayar da shi maraya saboda son a gani? Na ce idan na ba shi ke, wata rana gaskiya za ta fito, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da ya sani, ni ba zai same ni ba, wataƙila na mutu. Ke zai samu a ɗakinsa. Ke za ki biya abin da ba ki ci ba.”

“Abba, ya sani.”

“Me kika ce?”

Mai Famfo ya matso ya durƙusa kusa da tebur. “Shekara sha shida ke nan da na sani, Baba. Da sanina na zo. Inna ta ce in ranar ta zo in gaya maka ta yafe tun kafin ta fita takaba. Ta ce shi ya zaɓi ya kwance igiyar, babu wanda ya sa shi. Ni ma na yafe, duniya da lahira.”

Auta ba ta taɓa ganin Abba yana kuka ba, ko ranar da aka fita da gawar mahaifiyarta an ce bai yi a gaban mutane ba. Yau ya kifa kai a kan jawabinsa yana kuka kamar yaro, hannunsa yana laluben kan Mai Famfo har ya same shi ya dafa.

“Ya ce min kada in sauka. Sau uku ya ce min. Da yake ɗaura min igiyar, ka san me ya ce? Ya ce, riƙe da kyau, ɗan birni, kada ka ba ni kunya.”

Auta ta ji kamar an sauke mata tulu daga ka. Sai Abba ya ɗago, ya dube ta da wani irin kallo da ya sa sanyin da ta ji a ranta ya koma tsoro.

“Da ka faɗa min jiya, ɗana. Da jiya ne.”

“Me ya faru jiya, Abba?”

“Baffannin Barista sun zo. Na ga kin ƙi kowa, na ce ko idan na tsayar da magana za ki haƙura. Na ce musu na amince, in dai kin amince. Na kuma yi musu alkawarin zan sanar yau a gaban taro.”

“Amma ban amince ba, Abba.”

“Na sani. Na yi zaton kunyar jama'a za ta sa ki yi shiru. Allah ya yafe min.”

Lasifika ta yi ƙara, muryar Barista ta cika makarantar, a wanke, cike da fara'a.

“Jama'a, a zauna, a zauna. Kafin a raba kyaututtuka, mai girma Shugaba yana da wani albishir da zai yi mana. Ni dai ba zan riga shi ba, amma masu guɗa su gyara murya!”

Tafi ya ɓarke. Abba ya miƙe, ya cire gilashi ya goge fuska, ya bar jawabin a kan tebur ya fita. Auta ta bi shi. A ƙarƙashin rumfuna mutane sun fi ɗari uku, masu fenti a hannu, masu auduga a gwiwar hannu, ga baffannin Barista a layin gaba. Gwaggo tana tsaye a gefe ta ɗora hannu biyu a ka.

Barista ya miƙa wa Abba makirufo da ɗan rusunawa.

Abba ya karɓa, ya jira tafin ya mutu.

“An ce muku ina da albishir,” ya ce. “Wanda na yi niyyar yi ba nawa ba ne, na 'yata ne, kuma ban tambaye ta ba. Waɗanda na yi wa alkawari, zan zo har gida in ba ku haƙuri, ku yi min hukuncin da kuka ga dama.”

Murmushin Barista ya bushe a fuskarsa. Ɗaya daga cikin baffannin ya miƙe tsaye yana gyara riga.

“Shekara ashirin da biyar kuna ce min wanda ya kafa wannan ƙungiya. Ba ni ba ne. Wanda ya kafa ta ban taɓa ambatar sunansa a gabanku ba, don ina jin kunya. Ku ajiye cokulanku, ku ba ni minti goma.”

Ya juya ya miƙa hannu wajen ƙofar ofis.

“Zo nan, ɗana. Zo da lakarka. Tsaya kusa da ni, ka faɗa musu sunan mahaifinka.”